Yadda Faleniko Ya Mayar wa Ƙanwarsa Mijinta

Ana ta yaɗawa, daga kasuwar Fagatogo har tsibirin Manu'a, wai a wasan Sabuwar Shekara ɗan'uwana Faleniko ya dasa mijin ƙanwarsa a ƙasa kamar gwaza. Wai ya ɗaga shi sama, ya juya shi, ya kafa shi da ka a tsakiyar filin ƙauye, ƙafafu kaɗai suka rage a waje suna harbin iska. Wai sai da aka aika a kawo shebur. Wata tsohuwa a cikin bas ta rantse mini da jikokinta cewa an makara wajen tono shi, har ya fara fitar da ganye, kuma da ganyen aka yi miyar Lahadi.

Ƙarya ce tsagwaronta. Ni ɗan ƙanen babansa ne, ba a kuma san ni da rage labari ba, amma ina gaya muku ko ƙura ba ta taɓa gashin mutumin nan ba. Abin da ya faru ya fi haka ban kunya, shi ya sa Faleniko bai taɓa ƙaryata jita-jitar ba. In an tambaye shi sai ya gyara madubin bas ɗinsa ya ce, "Mutane dai da surutu."

Shekara arba'in da shida ke nan da haihuwarsa, kuma ungozomar da ta karɓe shi sai da ta yi sati tana jinyar baya. Yana ɗan shekara goma aka daina sayo masa zani, sai dai a ciro labule. Da ya shiga sakandare, kocin ƙwallo ya hango shi a gindin kwakwa yana gamawa da nonon ayaba guda, bai ko tambayi sunansa ba, ya aika a duba ko akwai hular kwanon da za ta shiga kansa. Babu. Sai da aka cire soson ciki, aka shafa man kwakwa, sannan ta zauna.

Ƙwallon da nake nufi ita ce ta hular kwano da kafaɗun roba, wadda Amurkawa suka kawo ƙasarmu Samowa muka ƙwace. A cikinta akwai mutum ɗaya, kwatabak, mai jifa. Shi ake miƙa wa ƙwallo, ya ja da baya, ya duba, ya jefa wa wanda ya ruga gaba. Ƙarti biyar ne ke tare masa hanya. Aikin Faleniko shi ne ya ratsa biyar ɗin nan ya cim ma mai jifa kafin ƙwallo ta bar hannunsa. In kuwa ta riga ta bari, to, a zamaninsu ba a cika bin ba'asi ba.

A wasan ƙarshe na shekararsa ta ƙarshe, mai jifan ɗaya makarantar wani siriri ne, Saumani, mai hannu kamar majajjawa. Faleniko ya same shi. An ce har tsibirin Aunu'u an ji ƙarar, kifaye suka yi kwana uku ba su matso gaɓa ba. Ni ina benci a ranar, na ga hular Saumani ta yi gabas, takalminsa ɗaya ya yi yamma. Ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya taho bencinmu maimakon nasu, ya zauna yana tambaya ko an ci abincin rana. Kowa ya yi dariya. A lokacin abin dariya ne.

Bayan shekara shida, wannan Saumanin ne ya zo neman auren Lupe, ƙanwar Faleniko.

"Ashe dukan bai sake shi ba," in ji Faleniko. Amma a bayan gida ya faɗa, a hankali, don kada ta ji.

Lupe ba ta kai ƙirjinsa ba, kuma duk duniya ita kaɗai yake tsoro. Haka aka raine mu. Ba ya zama a tabarmarta, ba ya sa loma sai ta ƙoshi, in tana wuri baƙar magana ba ta fita bakinsa ko da guduma ta faɗo masa a yatsa. Kowace Lahadi tun kafin zakara ya gama shawara ya hura umu, tanderunmu na duwatsu. Kwandon farko, mai kan kifi da gwaza mafi laushi da ganye a madarar kwakwa, da ƙafarsa yake kai shi gidanta. Sai ya tsaya a bakin ƙofa har ta ɗanɗana. In ta ce, "Ya yi," satin nan ko kare ya tare hanya sai ya gaishe shi. In ta yi shiru, bas ɗin ma ba ya tashi da daɗi.

Tuƙin bas ne sana'arsa, irin namu mai jikin katako, ya sa an zana masa kifin shak a gefe yana cin hular kwano. Wanda ya ga zanen zai zaci mahaukacin direba ne. Ina! Faleniko na taka birki saboda kaza. Yana taka birki saboda kazar da take tunanin tsallakawa gobe. Matakalar bas ɗin doguwa ce, tsofaffin ƙauyenmu kuwa gwiwa ta ƙare, don haka sau arba'in a rana yake saukowa, ya sa hannu ɗaya a bayan tsohuwa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗauke ta cak da kwandonta da ƙwanta, ya ajiye a kujera. Ko ƙwai ɗaya bai taɓa fashewa ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Abu ɗaya ne ke ɗaga masa murya: dokar kare mai jifa.

Ranar Lahadi bayan coci da abincin rana, dangi kan baje a gidan Lupe, a kunna talabijin a kalli manyan wasannin Amurka. Da zarar wani ƙato ya kai mai jifa ƙasa, alƙalin wasa ya wurga ƙyallen nan rawaya, aka ja su baya yadi goma sha biyar, sai Faleniko ya miƙe zaune, gidan ya karkata.

"Kalli! Don Allah ku kalla! Me ya yi masa? Numfashi kawai ya yi kusa da shi!"

Saumani, wanda yanzu malamin lissafi ne mai tabarau, ba ya ko ɗaga kai daga matashi. "Ya faɗa masa da duk nauyinsa, sole, mutumina. An hana."

"To nauyin nasa a gida zai baro shi? Ya rataye a ƙusa kafin ya shigo fili?"

"Ya mirgina gefe."

"Kai, ba a taɓawa. Gwiwa, ba a taɓawa. In ya jefa, ba a taɓawa. Saura ina? Cibiya? Gara a shimfiɗa musu tabarma a inuwa kamar dattawa, in mun zo wucewa mu rusuna mu ce tulou, a gafarce mu!"

"Saurara, uso, ɗan'uwana. Kai kana ganin wanda za ka kara da shi, ka shirya, shi ma ya shirya. Ni idona na can yadi talatin, hannuna a sama, haƙarƙarina a buɗe kamar ƙofar coci. Wanda ya daki mutum a haka ba jarumi ba ne, mota ce birki ya tsinke."

"Ni fa? Sau sittin kaina ke haɗuwa da na wani a kowane wasa. Wa ya taɓa wurga mini ƙyalle? Ko hankici?"

"Kai me za a kare? Ai babu abin da zai girgiza a ciki."

Sai a kwashe da dariya, Faleniko ya yi ta neman amsa, Lupe ta yi gyaran murya daga kicin, a koma raɗa. Shekara ashirin suna wannan gardama, ba wanda ya matsa ko taƙi. Tsakani da Allah, kowa da gaskiyarsa, kuma in Lahadi ta wuce ba su yi ba, dukansu sai su kwana kamar ba su ci abinci ba.

Sai watan Disamban bara. Wata Talata Lupe ta shiga bas ɗinsa a kasuwa, ta zauna a kujerar da ke bayan direba, abin da ba ta taɓa yi ba. Da aka iso ƙofar gidanta ba ta ƙwanƙwasa katakon bas don a tsaya ba. Ta bari kowa ya sauka, har ƙarshen hanya, inda kwalta ta ƙare teku ta fara. Faleniko ya kashe rediyo da kansa.

"Niko," ta ce, "Saumani ba shi da lafiya."

Ta gaya masa ciwon kan da ke kwantar da shi. Ta gaya masa ranar da ya fita sayen burodi, ta iske shi tsaye a mararraba ya manta abin da ya fito yi. Likita ya duba ya ce tsofaffin duka ne suka taru, ana iya lallaɓawa da magani da hutu, amma kan nan kada ya sake buguwa.

"Ya hana ni gaya wa kowa. Kuma ya ce sai ya buga wasan Sabuwar Shekara. Wai na ƙarshe. Na roƙa, na yi faɗa, na ɓoye takalman. Ya ce in ya zauna a benci duk gari za su tambayi dalili."

Faleniko ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar bas ɗin na tafiya. "Nawa ne? Wancan dukan?"

"Ban ce naka ba ne. Duka da yawa ya sha." Ta gyara kwandon da ke cinyarta. "Amma naka ne kullum ake ba da labari."



"Sai in ƙi bugawa," ya ce can.

"In ka ƙi, zai gane na faɗa maka. Ka buga. Amma ka ji ni da kyau: yadda na ba ku shi, haka za ka dawo mini da shi. In kansa ya taɓa ƙasa ranar nan kana filin, kada ka sake kawo mini kwando. A bakin ƙofa zan bar shi karnuka su ci."

Ta sauka ta koma gida a ƙasa, ba ta yarda ya kai ta ba.

Wasan Sabuwar Shekara na magidanta ne, waɗanda suka haura arba'in, 'yan tudu da 'yan gaɓa. Faleniko ɗan tudu ne, Saumani shi ne mai jifan 'yan gaɓa. Lupe ba ta tsaya a kan ɗan'uwanta kaɗai ba. Ta bi ta ƙungiyar mata, mata suka bi ta mazajensu, kafin sati ya zagayo maganar kare mai jifa ta isa gaban majalisar ƙauye.

Nan ne abin ya yi daɗi. Masu sarauta suka zauna kowa da ginshiƙinsa a babban zaure. Faleniko ba shi da sarauta, saboda haka ba shi da baki a zauren, nasa kawai ya kai wa dattawa ƙoƙon ava, abin shanmu na zaure, ya dawo ya durƙusa. Mutumin da ya shekara ashirin yana haddace hujjoji, ga ranar hujja ta zo, an ba shi ƙoƙo.

Kawu Tauvela, mai shekara tamanin, ya fara. Ya yi rabin awa yana gaishe da kakanni da duwatsu, sannan ya ce, "A zamaninmu da busasshiyar kwakwa muke wasan nan. Wanda ya faɗi, a zuba masa ruwan teku. Ga ni nan, me ya same ni?"

"Ranka ya daɗe," in ji wani dattijo daga ɗaya ginshiƙin, "jiya da tsintsiya ka je coci, ka ce laima ce."

"An yi ruwa ne?"

"A'a."

"To, ka gani."

Wani ya ce in an hana duka, gara a koma wasan kati. Wani ya ce bara mutum huɗu aka kwasa a bayan akori-kura, mawaƙan coci suka yi wata guda babu masu babbar murya. Aka kai, aka kawo, ava ya ƙare aka sake damawa. Da la'asar aka yanke: ba a dukan mai jifa a ka, ba a dukansa a gwiwa, ba a danne shi, ba a taɓa shi in ya jefa. Da aka zo kan hukunci aka ga matsala, don filinmu ba wanda ya taɓa auna shi da yadi. Daga bishiyar ulu yake farawa, ya ƙare a shingen gidan Fasto. Sai majalisa ta ce wanda ya karya doka, shi kaɗai zai riƙa sare ciyawar filin da adda har Ista.

Duk zauren ya juyo yana kallon Faleniko. Ya ajiye ƙoƙo a hankali. A ransa kamar ya tashi ya rungumi kowane tsoho. Amma da aka fito, abokan wasansa suka kewaye shi.

"Uso, ka ji abin da suka yi mana? Yanzu yaya?"

Ya tuna sharaɗin Lupe: kada Saumani ya gane. Ya kumbura ƙirji. "Filin dama na son shara. Ku wasa mini adda. Kuma ku ji, mai jifa nawa ne. Duk wanda ya riga ni taɓa shi, da ni zai yi."

Kafin magariba maganar ta zaga gari. Masu tausayi suka fara kai wa Lupe ayabar jaje.

Ranar wasa ko jariri ba a bari a gida ba. Dattawa suka jeru a kan tabarmi a gefen fili, mata a bayansu da laima, Lupe a can ƙarshe ita kaɗai, ta harɗe hannu. Hular kwano bakwai ce ga mutum ashirin da biyu, ɗaya ma tukunyar fure aka zubar aka dawo da ita aiki. Alƙalin wasa dattijon coci ne, Eliapo, da usur a wuya da ɗankwalin matarsa rawaya a ƙugu.

Aka fara. Kuma jama'a suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Faleniko, wanda ke ratsa mutum biyar kamar labule, ya kasa wuce Ropati mai gidan burodi, mai tare wa Saumani hanya. Ropati fa, wanda ke haki in ya ɗaga buhun fulawa da ido. Kowane zagaye sai Faleniko ya rungume shi, su yi ta rangaji kamar 'yan'uwan da suka shekara goma ba su haɗu ba. In Ropati ya zame, Faleniko ya tashe shi. Sau biyu ya tsaya ɗaure takalmi, alhali takalmin ba shi da igiya.

"Faleniko! Rawa ka zo?"

"A kawo musu Fasto ya ɗaura!"

"Yana tara ƙarfi ne," in ji masu kare shi. "Ku jira."

Yana ji, kunnuwansa na zafi, yana satar kallon ƙarshen tabarma. Saumani kuwa ya samu sarari yana ta jifa, yana dariya kamar ɗan sakandare. Duk da haka 'yan tudu na gaba da maki huɗu lokacin da Eliapo ya duba rana ya ce zagaye ɗaya ya rage.

Aka miƙa wa Saumani ƙwallo, ya ja da baya. Faleniko ya buɗe hannu zai rungumi Ropati, sai Ropati ya matsa gefe ya dafa gwiwa.

"Wuce, uso. Ni kam na gaji. Ka kashe shi ma."

Hanya ta buɗe fetal, gari duka na kallo. Ba yadda zai yi, ya fara gudu, irin gudun da mutum ke yi zuwa wurin likitan haƙori. Sai ya hango abin da Saumani bai gani ba. Ta bayansa Malaki ne ke tahowa, ɗan tudu, sabon dawowa daga soja, kai a sunkuye, ya manta majalisa, ya manta adda, ya manta Ista. Saitin ƙeyar Saumani yake.

Nan Faleniko ya yi gudun da bai yi ba tun yana sakandare. Ƙasa ta girgiza, kwakwa uku suka faɗo, mata suka rufe ido. Ya riga Malaki da taki ɗaya. Tsayawa ba ta yiwuwa. Duka ba ya yiwuwa. Kansa bai ba shi shawarar komai ba, sai hannuwansa suka yi abin da suka saba yi sau arba'in a rana: ɗaya a baya, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi, cak!

Malaki ya wuce ta inda Saumani yake a da, bai samu kowa ba, ya zarce cikin shingen Fasto. Ƙafafun da aka gani suna harbin iska, nasa ne.

Fili ya yi tsit. Ga malamin lissafi a hannun direba kamar amarya, ƙwallo na ƙirjinsa.

"Sauke ni! Niko, ka haukace? Sauke ni!"

"Ta ina? Kai an hana, gwiwa an hana, dannewa an hana. Ba kai ke son doka ba? Zauna lafiya."

Eliapo ya sa usur a baki, ya cire. A saninsa wasa na tsayawa ne in gwiwa ta taɓa ƙasa, gwiwar Saumani kuwa ta fi kusa da tsuntsaye. Saumani ya daina mutsu-mutsu, ya duba. Tunda yake bai taɓa ganin fili daga wannan tsawo ba, ba ƙaton da ya tare masa ido. Can gindin bishiyar ulu, ƙarshen fili inda ake cin maki, ga mai kai wasiƙu, ɗan wasan 'yan gaɓa, tsaye shi kaɗai yana kallon ikon Allah. Saumani ya zare hannu ya jefa. Ƙwallo ta tafi ta faɗa cikin hannun mutumin, shi kansa sai da ya firgita. Maki shida. 'Yan gaɓa sun ci.

Faleniko bai san an yi ba. Ya riga ya juya ya nufi gefen fili da kayansa. Hanyarsa ta bi ta gaban dattawa, kuma ba a wuce dattawa a tsaye, ko gobara ake. Sai ya rusuna, da mutum a hannu, yana tafiya yana cewa, "Tulou. Tulou, ranku ya daɗe. Tulou." Kawu Tauvela ya janye ƙafa ya ba shi hanya. Da ya isa wurin Lupe bai taka tabarmarta ba. Ya durƙusa a bakinta, ya miƙa hannu, ya zaunar da Saumani kamar kwandon ƙwai.

"Ga shi. Ki duba."

Lupe ta cire wa mijinta hula. Ta juya kansa hagu, ta juya dama, ta leƙa ido, ta shafa ƙeya. Sannan ta dubi yayanta.

"Ya yi," ta ce.

Saumani ya kalli matarsa, ya kalli Faleniko, ya daɗe. Ihun 'yan gaɓa ya cika wuri, shi kuwa a hankali ya yi magana. "Ta gaya maka."

"Ba wanda ya gaya mini komai. Doka na bi."

"Kai? Doka?"

"Rufe baki ka sha kwakwa."

Da yamman nan Lupe ta yi abin da ba a taɓa gani ba a danginmu. Ta sa Faleniko ya zauna, ta zuba masa abinci da hannunta kafin ita ta ci, ta tsaya tana kore masa ƙuda da mafici. Kunya ta hana shi ci. Faranti huɗu kawai ya iya.

Majalisa ta sake zama kwana biyu a kan ko makin ya halatta. Aka bar wa 'yan gaɓa nasararsu, aka ƙara layi ɗaya a doka: in an ɗauki mai jifa, a hura usur. Malaki aka ba adda, don an ce niyya ma aiki ce, ga kuma shingen Fasto. 'Yan tudu kuwa, da kunya ta ishe su a kasuwa, su suka ƙirƙiro labarin dasa gwaza. Saumani da kansa ya faɗa wa dangi ciwonsa Lahadin da ta biyo baya. Ya ce tunda an ɗauke shi a gaban duk gari, ba sauran abin ɓoyo. Yanzu yana shan magani, yana yawo da ɗan littafi a aljihu, ya rataye takalman. A shafin farko ya rubuta: "Na ci Niko."

Kada ku zaci gardama ta mutu. Har yau in ƙyalle rawaya ya tashi, gidan Lupe sai ya karkata. Faleniko na nan a kan bakansa cewa an lalata wasa, kuma su masu gware da ka ba wanda ya damu da su. Sai dai in mai jifa ya faɗi a talabijin ya daɗe bai motsa ba, Faleniko kan tashi ya ce bari ya duba umu. Umun da ya huce tun safe.

Lahadin da ta wuce na same shi a bayan gida yana kankare gwaza, na tsaya daga nesa kaɗan, don ni ma ina da iyali.

"Uso," na ce, "ashe dodon masu jifa raino ya koma? Matata za ta kasuwa ranar Asabar, ko za ka zo ka goya mana jaririn? Akwai kuma kakar matata, tana son a kai ta coci, amma ta ce sai an yi mata tulou."

Bai ɗago ba. Ya gama da gwazar da ke hannunsa, ya jefa a kwandon Lupe, ya goge wuƙar a zaninsa.

"Shekara huɗu kana ƙungiyarmu," ya ce, "wandonka bai taɓa ganin ƙasa ba, benci kaɗai ya san nauyinka. Kuma ni na raba ava ranar da aka yi dokar nan, na ji ta daga farko har ƙarshe. Mai jifa ta kare. Ba ta ce komai a kan mai surutu ba. Matso kusa, ban ji ka sosai ba."